Konsol ɗin SCCM na tafiyar hawainiya: yadda ake gano inda matsalar take, mataki-mataki

Tambayar nan an sha yi mini ita, kuma kusan kalmomi iri ɗaya kowa yake amfani da su: ka buɗe konsol ɗin Configuration Manager, manhajar Microsoft ta kula da kwamfutocin kamfani daga wuri ɗaya, wanda yawancinmu har yau SCCM muke ce masa duk da sauye-sauyen sunan da aka yi, ka danna Devices sai da'irar nan ta yi ta juyawa, ka danna dama a kan kolekshin, wato rukunin na'urori ko masu amfani, sai komai ya daskare, wani lokacin ma ya rubuta maka Not Responding a sama kamar ya mutu. Abin da mutane ke fara yi kuma shi ne su ƙara wa saba (server) RAM ko su yi mata ristat, kwana biyu abu ya ɗan yi sauƙi, rana ta uku a dawo gidan jiya.

Ka riƙe abu ɗaya a ranka kafin mu fara. Konsol ɗin nan taga ne kawai, ba shi da bayanan komai a cikinsa. Duk abin da ka danna, yana aika tambaya ne zuwa SMS Provider, wato sashen da ke shiga tsakanin konsol da databes, ta hanyar WMI, tsarin Windows na tambayar bayanan gudanarwa, shi kuma ya juya tambayar zuwa yaren SQL ya miƙa wa databes, ma'ajiyar bayanan da ke kan SQL Server, amsa ta biyo hanyar da ta bi ta dawo. Wato wurare huɗu ne jinkiri zai iya ɓoyewa: kwamfutarka, hanyar netwok, Provider, sai SQL. Aikinka shi ne ka yi ta cire su ɗaya bayan ɗaya har wanda ke da laifi ya rage.

Kayan aiki duk kyauta ne kuma yawancinsu suna kan sabarka tuni: CMTrace na karanta log, Task Manager da Performance Monitor, PowerShell, sai SQL Server Management Studio. Sannan agogon wayarka da takarda. Ba wasa nake ba, takardar ta fi muhimmanci a kan rabin sauran.

1. Auna jinkirin da daƙiƙa

"Yana jinkiri" ba rahoto ba ne. Zaɓi abubuwa uku ko huɗu da kake yi kullum, misali buɗe konsol ɗin daga farko, buɗe All Systems, buɗe All Software Updates, da buɗe Properties na wani kolekshin, ka ɗauki lokacin kowanne ka rubuta tare da ƙarfe nawa ne ka gwada. Ka yi da safe, ka yi da rana, ka sake yi da yamma. In da safe ne kawai yake nauyi to akwai wani aiki da ke gudana a lokacin, in ko da yaushe ne to ginin ne ke da matsala.

Sannan ka tambayi abokan aikinka, su ma haka suke gani? In kai kaɗai ne, rabin aiki ya ƙare.

Gargaɗi: daga nan har ƙarshe, abu ɗaya za ka riƙa canjawa ka sake aunawa. In ka canja biyar a tare abu ya gyaru ba ka san wanne ya gyara ba, in kuma ya ƙara lalacewa ba ka san wanne za ka mayar ba.

2. Gwada konsol a kan sabar kanta

Wannan gwajin minti biyar ne amma shi yake raba gardama. Shiga babbar sabar ta Remote Desktop, buɗe konsol ɗin da ke kanta, da akawun ɗinka iri ɗaya, ka maimaita abubuwan nan da ka auna. In a can yana gudu fit-fit a kan kwamfutarka kuma yana jan ƙafa, to ka bar SQL ya huta, matsalarka tana mataki na 3 da na 4. In a can ɗin ma haka yake, tsallaka zuwa na 5.

Akwai gwaji na biyu da mutane ke mantawa da shi: a sa mai matsayin Full Administrator ya buɗe shafin da wani mai ƙaramin izini ke kuka da shi. Mai ƙaramin izini duk tambayar da ya yi sai an tace ta a ga abin da ya halatta ya gani, saboda haka tambayarsa ta fi ta babban admin nauyi a kan SQL. In cikakken admin yana gudu shi kuma ɗan teburin taimako yana jira, rubuta wannan, zai yi maka amfani a mataki na 6.

Gargaɗi: kar maganinka ya zama ka ba kowa Full Administrator don konsol ya yi sauri. An gudu ba a tsira ba kenan.

3. Kwamfutar da konsol ke kai

Buɗe Task Manager ka nemi Microsoft.ConfigurationManagement.exe, ka duba memorin da ya ci. Konsol ɗin da aka bari a buɗe sati guda ba a rufe ba yakan kumbura, rufe shi ka sake buɗewa kawai. Ka kuma tabbatar sigar konsol ɗin ta yi daidai da ta sabar, in an yi apdet ɗin saba an bar konsol a baya to ka ɗaga shi tukunna kafin ka ci gaba da bincike.

Sai log ɗinsa, SmsAdminUI.log, yana cikin fodar AdminUILog a ƙarƙashin AdminConsole inda aka girka shi. Buɗe shi da CMTrace, wanda za ka samu a C:\Windows\CCM a kan duk kwamfutar da ke da klayan, wato manhajar SCCM da ake girka wa na'urorin da ake kula da su. Jan layi shi ne kuskure, ruwan ɗorawa gargaɗi. Abin da kake nema shi ne kuskuren da ke maimaita kansa daidai lokacin da ka danna abu.

Abubuwa uku ne suka fi yawa a nan. Na farko ƙarin kayan da aka manna wa konsol, irin waɗanda ke ƙara maka zaɓi in ka danna dama, suna da amfani sosai amma tsohuwar siga tana iya sa menu ya yi ta jinkirin fitowa, cire su na ɗan lokaci ka gwada. Na biyu kolom. Kowane kolom da ka ƙara a shafin Devices ƙarin aiki ne ga SQL, wasu sukan jera guda ashirin sannan su buɗe All Systems su yi ta mamaki. Rage su. Na uku adadin sakamakon bincike, asalinsa 1000 ne a Search Settings, kuma na sha ganin wanda ya mayar da shi babu iyaka ya manta, kullum konsol ɗinsa yana ɗauko duk na'urorin kamfani don ya duba guda ɗaya.

In kuma matsalar buɗewar farko ce kawai, wato sai ya ɗau kusan minti kafin ya fito amma in ya fito lafiya lau, duba ko kwamfutar tana fita intanet. Windows yakan tsaya ya tantance ko an soke satifiket ɗin da aka sa wa manhajar hannu da shi, in babu hanyar fita sai ya yi ta jira har lokaci ya ƙare. Za ka iya gwadawa ta cire alamar da ke kan Check for publisher's certificate revocation a Internet Options, shafin Advanced.

Gargaɗi: wannan gwaji ne ba magani ba. In ka tabbatar shi ne, mayar da alamar, ka je wajen masu netwok su buɗe hanyar da ake tantancewar. Kashe shi gaba ɗaya rage tsaro ne, a kan kwamfutar admin kuwa.

4. Hanyar da ke tsakani

Konsol mai yawan magana ne. Danna abu ɗaya na iya zama ƙananan saƙonni masu yawa suna kaiwa da komowa, shi ya sa faɗin layinka bai cika damunsa ba, nisan ne ke kashe shi. Kana iya samun intanet mai ƙarfi kana kallon bidiyo ba ya tsayawa, amma konsol ya gagara ta VPN.

Fara da sanin wace saba ce ke ɗauke da Provider, yana rubuce a Properties na sayit ɗin (site, wato girkin SCCM ɗinku) a ƙarƙashin Administration, Site Configuration, Sites. Yi mata ping ka ga milisakan nawa. A cikin gini ɗaya ya kamata ka ga ɗaya ko biyu, in ka ga gommai to ga amsarka nan. Sai ka gwada Test-NetConnection a PowerShell zuwa tashar 135, ita ce ƙofar RPC da WMI ke bi tsakanin kwamfutoci, bayan ita kuma sai an bar jerin tashoshi daga 49152 zuwa 65535 a buɗe, da 443 don wasu sassan konsol na sababbin sigogi. Fayawol da ta toshe rabi ta bar rabi tana haifar da irin jinkirin nan mai ban haushi inda abu zai yi aiki amma sai ya gama jira. Duba DNS ma, nslookup da cikakken sunan sabar, ka tabbatar ba tsohon adireshi yake bayarwa ba.

Maganin nisa ba wani dogon abu ba ne: a girka konsol a kan wata saba da ke kusa da Provider, masu aiki daga nesa su riƙa shiga ta Remote Desktop. Hoton allo ne kawai zai riƙa ketare hanya.

Gargaɗi: kar wannan sabar ta zama babbar sabar sayit ɗin kanta. Mutum goma kowa da konsol a buɗe a kan sabar da SQL ke kai, sun cinye memorin da kake ƙoƙarin ceto.

5. SMS Provider da log ɗinsa

A nan ne za ka kama bakin zaren, don haka ka ɗan natsu. Buɗe SMSProv.log da CMTrace, yana cikin fodar Logs a kan sabar da Provider yake. Ajiye shi gefe ɗaya na allo, konsol a ɗaya gefen, sai ka danna abin nan mai jinkiri kana kallo. Za ka ga layi mai sunan akawun ɗinka, sai layi mai Execute WQL, wato tambayar da konsol ya aiko a yaren WMI, sai mai Execute SQL, sannan Results returned. Lokacin da ke gefen kowane layi shi za ka karanta.

In tsakanin Execute SQL da Results returned akwai daƙiƙa talatin, SQL ne ya riƙe ka, ba ruwan Provider. Kwafi wannan tambayar gaba ɗayanta ka ajiye, za ka buƙace ta. In kuma ka danna a konsol amma sai bayan daƙiƙu da yawa layin farko ya bayyana a log, to saƙon bai iso da wuri ba ko kuma WMI ne ya cushe.

Log ɗin nan yana da wani amfani da ba a cika faɗa ba, yana nuna maka wa ke damun Provider. Akwai wani wurin da na taɓa aiki muka yi kusan sati muna zargin databes, ashe wani sikirit ne da wani ya rubuta ya bar aiki tun tuni, duk bayan 'yan mintuna yana tambayar jerin duk na'urori don ya cika wani rahoto da babu mai karantawa. Sunan akawun ɗin ne ya yi ta fitowa a log har muka ce wai wannan wane ne.

Duba WmiPrvSE.exe, masu gudanar da aikin WMI, a Task Manager na sabar. Windows yana sa wa kowannensu iyakar memori, asalinta 512 MB, in ya kai sai a kashe shi a tayar da sabo, kai kuma a konsol sai ka ga abu ya daskare ko ya yanke. Shaidar hakan tana Event Viewer, lamba 5612. In kana ganinta akai-akai ana iya ɗaga iyakar a __ProviderHostQuotaConfiguration, kuma sai an yi ristat kafin ta kama. In admin suna da yawa ƙwarai ana iya ƙara Provider na biyu ta hanyar Setup, amma ka sani konsol ba ya barinka ka zaɓi wanda zai haɗu da shi, in ɗaya ya faɗi wasu za su kasa shiga.

Gargaɗi babba: za ka ci karo da masu cewa ka share ma'ajiyar WMI ka sake gina ta. A kan kwamfutar ma'aikaci wataƙila, a kan sabar sayit kuwa kar ka kuskura. Iyakarka winmgmt /verifyrepository, wanda dubawa kawai yake yi.

6. SQL, inda gizo ke saƙar

In za a ce in yi caca kafin in ga saba, a nan zan sa kuɗina. Ka yi bakap ɗin databes kafin ka taɓa komai, bakap na gaske, kuma ka tabbatar ya kammala. Sinapshot na VM, wato sabar da ke gudana a cikin wata uwar saba, ba bakap ba ne, kuma barinsa ya daɗe shi kansa yana sa disk nauyi.

Fara da memori. A Management Studio danna dama a kan sabar, Properties, Memory. In ka ga 2147483647 a Maximum server memory to ba a taɓa saita shi ba, ma'ana SQL zai haɗiye duk abin da ya samu ya bar Windows da Provider suna wawason ragowa. Shawarar Microsoft ita ce in SQL da sayit suna kan saba ɗaya a ba SQL kashi 50 zuwa 80 cikin ɗari, in shi kaɗai ne a sabarsa kashi 80 zuwa 90, kuma a ware masa aƙalla 8 GB a babban sayit. Wannan canjin ba ya buƙatar ristat.

Sai disk. Buɗe Performance Monitor ka ƙara Avg. Disk sec/Read da Avg. Disk sec/Write na faifan da fayilolin databes ke kai. Lura, a daƙiƙa yake bayarwa, saboda haka 0.020 shi ne milisakan 20. Abin da aka saba ɗauka shi ne ƙasa da haka ba laifi, in yana zama sama da haka a kai a kai to duk gyaran da za ka yi a sama kwaskwarima ne. Wannan ne kaɗai wurin da jagorar nan za ta iya sa a kashe kuɗi, domin maganinsa SSD ne, ko aƙalla a raba fayil ɗin bayanai da na log da tempdb, databes ɗin wucin gadi na SQL, kowa da faifansa. Amma kar ka je wajen oga da buƙatar sayen kaya ba tare da waɗannan lambobin a hannu ba. Tunda mun ambaci tempdb, duba fayiloli nawa ne, ana so su kai adadin ƙwaƙwalwan CPU (cores) har zuwa takwas, kuma girmansu ɗaya.

Yanzu indeks, wato fihirisar da SQL ke bi ya samo layi da sauri, da ƙididdiga. Databes ɗin nan kullum ana zuba masa ana gogewa, kowane klayan yana turo rahoto, sai indeks su wargaje, ƙididdigar da SQL ke dogara da ita wajen zaɓen hanya kuma ta tsufa, sai ya riƙa zaton tebur na da layi dubu alhali yana da miliyan, ya bi doguwar hanya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne aikin Rebuild Indexes da ke cikin Site Maintenance a kashe yake zuwa. Je ka duba naka. In a kunne yake ma kar ka yarda da alamar, buɗe smsdbmon.log ka ga ko yana gudana da gaske yana kuma gamawa a cikin lokacin da aka ba shi. Tambaya a kan sys.dm_db_index_physical_stats za ta nuna maka yawan wargajewar, tsohuwar ƙa'ida ita ce daga kashi 5 zuwa 30 a sake tsarawa, sama da 30 a sake ginawa, ƙananan tebura kuma ka rabu da su. Ni dai na fi yarda da sikirit ɗin Ola Hallengren, kyauta ne, a sa IndexOptimize ya riƙa gudana ta SQL Agent sau ɗaya a sati tare da sabunta ƙididdiga. In kana so ka ga alama da wuri, gudanar da sp_updatestats a kan databes ɗin, mai suna CM_ da haruffa ukun sayit ɗinka, ka sake aunawa. Sau da yawa wannan kaɗai yake sa shafin da ke ɗaukar minti ya koma 'yan daƙiƙu.

Gargaɗi: a SQL Standard sake gina indeks yana kulle tebur har ya gama, don haka da dare ko ƙarshen mako za ka yi, kuma ka faɗa wa mutane. Karon farko zai iya ɗaukar sa'o'i. In ka sa sikirit na waje to ka kashe na cikin Site Maintenance kar su yi karo. Kuma kar ka yi shrink, wato matse fayil ɗin databes, bayan ka gama don ka ga fayil ya yi girma, shrink yana sake wargaza duk abin da ka gyara.

Koma kan tambayar nan da ka kwafa daga SMSProv.log, liƙa ta a Management Studio ka gudanar. In a nan ma ta daɗe ka samu shaida. Tana cikin gudana ka buɗe wata taga ka rubuta sp_who2, ka duba kolom ɗin BlkBy, in akwai lamba to wani aiki ne ya tare ta, bi lambar ka ga ko rahoto ne ko bakap ko lissafin kolekshin. In kuma matsalar ta fara ne bayan an ɗaga sigar SQL, musamman ga masu ƙaramin izinin nan na mataki na 2, duba Compatibility level na databes. Daga SQL Server 2014 an canja yadda yake ƙiyasin yawan layuka, wasu tambayoyin konsol kuma sun fi gudu da tsohon salon. Daga siga 1810, in SQL ɗinka 2016 SP1 ne ko sama, Provider da kansa yake cewa a yi amfani da tsohon salon ga tambayoyin konsol, saboda haka a sababbin sayit ba kasafai sai ka taɓa komai ba. Kar ka sauke matakin bisa zato, duba jadawalin da Microsoft ya fitar na sigarka tukunna.

Gargaɗi: kar ka ƙirƙiri indeks naka ko ka goge layuka da hannu a cikin databes ɗin. Ba a goyon bayan hakan, kuma apdet na gaba zai iya tuntuɓe da shi.

7. Kolekshin da suka yi yawa

Wannan ne na biyu a jerin masu laifi. Kowane kolekshin mai tambaya sai an lissafa shi, wanda aka sa wa Use incremental updates kuma duk minti biyar ake waiwayarsa a saitin asali. Mutane suna son alamar nan don na'ura ta shiga kolekshin nan take, sai kowa ya riƙa dannawa, shekara uku ka tarar da ɗaruruwa. Adadin da aka daɗe ana ba da shawara shi ne kar su wuce wajen 200, ainihin iyakar kuma ta danganta da ƙarfin sabarka da nauyin tambayoyin.

Daga siga 2010 akwai sashen Collection Evaluation a ƙarƙashin Monitoring, a tsofaffi kuma CEViewer.exe, sai colleval.log ga mai son gani da idonsa. Jera su bisa lokacin da kowanne ke ɗauka ka fara da goman da ke sama. Abin da za ka tarar kusan kullum: tambaya mai LIKE da alamar % a farkon kalma tana laluben jerin manhajojin da aka girka, kolekshin da aka jingina da All Systems alhali ƙaramin rukuni yake nema, sarƙar Include da Exclude mai hawa biyar inda taɓa ɗaya ke tayar da sauran, da kuma gommai da aka sa wa cikakken lissafi a ƙarfe ɗaya daidai. Wanda membobinsa da hannu aka zuba ba ya buƙatar jadawali ko kaɗan. Management Insights ma yana da rukunin Collections da zai nuna maka wasu daga cikin waɗannan ba tare da wahala ba.

Gargaɗi: kafin ka goge kolekshin duba ko akwai abin da aka tura masa, ko lokacin gyara da aka ɗaura masa, ko wani kolekshin da ya jingina da shi. Cire masa jadawali ka bar shi wata guda ya fi gogewa nan take.

8. Apdet da tarkacen da suka taru

In sashen Software Updates ne kaɗai ke nauyi, to tarin tsofaffin apdet ne. Je Software Update Point Component Properties ta Configure Site Components, shafin Products, ka cire duk abin da ba ku da shi, za ka yi mamakin tsofaffin Windows da har yau ake janyo wa apdet. Haka shafin Classifications da na harsuna. Daga siga 1906 akwai shafin WSUS Maintenance mai zaɓi uku, ƙin apdet da suka ƙare, ƙara indeks a databes ɗin WSUS (sashen Windows Server da ke janyo apdet), da goge waɗanda suka tsufa, kunna duka ukun ka bi wsyncmgr.log bayan sinkin na gaba.

Gargaɗi: in an yi shekaru ba a taɓa share WSUS ba, sharar farko tana iya yankewa a tsakiya saboda daɗewa. Yi bakap ɗin SUSDB, wato databes ɗin WSUS, ka sake gina indeks ɗinsa, sannan ka maimaita har ta wuce.

Ka leƙa sauran ayyukan Site Maintenance masu farawa da Delete Aged, ka tabbatar ba wanda ya kashe su ko ya mayar da kwana 90 zuwa shekaru. Sannan fodar inboxes a kan sabar, musamman dataldr.box da statesys.box da ddm.box da ke ƙarƙashin auth. Fayiloli su shigo su fita shi ne daidai. In dubbai ne a zaune suna ƙaruwa to sabar ba ta iya cinye abin da ake turo mata, galibi don an sa klayan su riƙa turo rahoton kayan aiki sau da yawa fiye da kima, ko an kunna binciken fayiloli a duk faifai.

9. Antibairos da ita kanta sabar

Wannan gajere ne amma kar ka tsallake shi. Antibairos da ke duba kowane fayil da ya shiga inboxes, yana kuma leƙa fayilolin .mdf da .ldf na SQL, zai iya durƙusar da saba mai ƙarfi. Microsoft yana da jerin fodoji da manhajojin da ya kamata a keɓe, ɗauki jerin ka zauna da masu tsaro ku bi shi layi-layi, kuma ka duba da idonka cewa keɓewar ta sauka a kan sabar, don sau da yawa an rubuta ta a manufa amma hanyar fodar ba daidai ba ce. Kar ka kashe antibairos ɗin gaba ɗaya ka tafi gida.

Duba Power Options, in Balanced ne mayar da shi High performance. In VM ce tambayi mai kula da ita ko uwar sabar ta cika, domin Task Manager na ciki zai iya nuna maka CPU na hutawa alhali VM ɗin layi take bi kafin a ba ta dama, a VMware CPU Ready ake kiran wannan ma'aunin. Ka kuma roƙi a tsayar wa SQL memorinsa kar a riƙa karɓewa ana mayarwa.

10. Sake aunawa

Ɗauko takardar nan ta mataki na 1, ka maimaita gwaje-gwajen a lokutan da ka yi su da farko, ka rubuta sababbin lambobi kusa da tsofaffi tare da abin da ka canja da ranar da ka canja shi. Ka ba shi kwana biyu ko uku kafin ka yanke hukunci, domin bayan ristat ko gyaran indeks SQL yakan ɗan yi nauyi a farko kafin ya sake cika memorinsa.

In ka bi duka har yanzu wani shafi ɗaya ya ƙi, to lokacin buɗe tikiti wajen Microsoft ya yi. Haɗa musu SMSProv.log da SmsAdminUI.log na daidai lokacin da abin ya faru, tambayar SQL ɗin da ka kwafa tare da Execution plan ɗinta, wato hanyar da SQL ya bi ya amsa ta, sigar sayit da ta SQL, da lambobin disk ɗin nan. Ka kwafe log ɗin nan take bayan gwaji, domin SMSProv.log yana cika da sauri, in ya cika sai ya koma .lo_ kuma zagaye na gaba ya goge shi.